Daga Madatsar Bakalori Zuwa Cokalin Gishiri: Tarihin Aidin a Ƙasarmu

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba da kuma masu son karatu a nutse.

Yau za mu je Talata Mafara da Bakura da Maradun. Duk wanda ya san yankin nan, da an ce Bakalori abu biyu ke faɗo masa a rai: shinkafa, da kuma jinin manoman da aka zubar a 1980. Duka biyun za mu taɓo su. Amma hanyar da za mu bi yau daban ce. Za mu bi sawun wani sinadari da ido ba ya gani a cikin ƙasa, wanda rashinsa ke kumbura wuyan uwa, ya kuma rage wa jaririnta kaifin ƙwaƙwalwa tun yana ciki. Sunansa aidin.

Da yawanmu mun san aidin ne a matsayin ruwan nan mai zafi da ake shafa wa ciwo a kemis. To, asalin sinadarin ɗaya ne, sai dai jiki na buƙatar ɗan ƙanƙani daga cikinsa ta hanyar abinci. Babba na buƙatar maikirogiram 150 a rana, mai ciki da mai shayarwa kuma 250, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade. Idan ka tara abin da mutum zai buƙata a shekara 70, bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Wani ƙulli ne a gaban maƙogwaro, wanda likitoci ke kira tairod, yake amfani da shi wajen haɗa sinadaran da ke tafiyar da girman jiki da ginin ƙwaƙwalwa. In aidin ya yi ƙaranci, ƙullin sai ya yi ta faɗaɗa don ya kamo ɗan abin da ke cikin jini. Wannan kumburin shi ne maƙoƙo. Tunda har Bahaushe ya raɗa wa ciwon suna tun kaka da kakanni, kun san ba baƙo ba ne a ƙasar nan.

A 1811 wani Bafaranshe mai suna Bernard Courtois yana haɗa sinadarin albarushi daga tokar ciyawar teku, lokacin yaƙe-yaƙen Napoleon. Ya zuba ruwan asid ya yi yawa, sai ga wani hayaƙi mai launin shuni-shuni ya tashi. Daga wannan launin aka samo sunan aidin a harshen Girka. A 1820 wani likita a birnin Janiba, Jean-François Coindet, ya gwada bai wa masu maƙoƙo aidin, kumburin ya riƙa sacewa. A shekarun 1850 kuma Adolphe Chatin ya bi ƙauyuka yana auna aidin a ruwa da ƙasa da abinci, ya ce inda maƙoƙo ya yi yawa, nan ne aidin ya yi ƙaranci. Manyan masanan zamaninsa ba su karɓi maganar ba. Sai bayan da wani Bajamushe, Eugen Baumann, ya gano aidin a cikin ƙullin maƙogwaron kansa, wajen 1895, sannan aka fara gane Chatin yana da gaskiya. Siwizalan ta fara sa aidin a gishiri a 1922, Amurka ta biyo baya a 1924.

Abin lura a nan shi ne, Chatin ya kalli ƙasa ne kafin ya kalli mara lafiya. Mu ma mu yi hakan.

Rumbun aidin na duniya teku ne. Daga saman teku yake tashi cikin iska, ruwan sama ya sauko da shi a kan ƙasa. Duwatsun da ƙasa ke fitowa daga cikinsu ba su da shi sai kaɗan, don haka mafi yawan aidin da ke gonarka daga sama ya zo. Damunarmu daga tekun Atilantika take tasowa, kuma tsakanin Talata Mafara da bakin teku akwai sama da kilomita 600. Kafin hadari ya iso Zamfara ya riga ya sauke kaso mai yawa a hanya. Ke nan tun farko rabonmu ɗan kaɗan ne.

Tambaya ta biyu ta fi ta farko muhimmanci: ɗan abin da ya iso, wa ke riƙe shi? Aidin da ya sauka da ruwan sama yana narkewa cikin ruwa kamar gishiri. In ƙasa ba ta kama shi ba, ruwa na gaba zai wanke shi ya wuce. Babban mai kama shi shi ne ruɓin da ke cikin ƙasa, wato ragowar ganye da saiwa da kara da kashin dabbobi da suka ruɓe har suka zama baƙin nan da manomi ke gani ya ce gona tana da ƙarfi. Ƙananan halittun cikin ƙasa suna sauya aidin ɗin zuwa wani yanayi da zai manne da wannan ruɓi, kuma abin ba ya ɗaukar lokaci, cikin awowi zuwa kwanaki an gama. Tsatsar ƙarfe da ke sa ƙasa ta yi ja ita ma tana riƙe wani kaso, laka ma haka. Yashi kuwa rariya ce. Shi ya sa a ma'aunin da aka yi a ƙasashe daban-daban, ƙasa mai yawan ruɓi ce ke kan gaba wajen aidin, ƙasa mai yashi kuma tana can ƙarshe. Matsakaicin abin da ake samu a duniya bai wuce 'yan miligiram a kilo ɗaya na ƙasa ba.

To amma akwai wani ƙulli a maganar, ku saurara da kyau. Ruɓin nan riƙon tsauri yake yi. Abin da ya kama ba ya sakin sa ga shuka sai a hankali, yayin da shi kansa yake ci gaba da ruɓewa. Saboda haka ƙasa na iya zama da aidin a ajiye, amma ɗan kaɗan ne ke shiga shuka, kuma mafi yawan abin da ya shiga a saiwa da ganye yake tsayawa, ba ya kai wa ƙwayar hatsi sosai. Kamar rumbu ne mai ƙaramar ƙofa. In babu rumbun, babu ajiya kwata-kwata. In akwai shi, ana samun tsaba kaɗan-kaɗan, shekara bayan shekara: ta ganyen miya, ta ciyawar da saniya ta ci ta mayar nono, ta ruwan rijiya.

Sannan in ruwa ya kwanta a gona ya daɗe, kamar fadamar shinkafa, iska ba ta shiga ƙasa. A wannan hali aidin na kwancewa ya koma cikin ruwa. Wani ya bi ruwan ya tafi, wani shinkafar ta zuƙa ta fitar da shi cikin iska. A Japan an taɓa ganin inda aka mayar da gonakin tudu masu yawan aidin zuwa na shinkafa, aidin ya kwance lokaci guda har ya yi wa shukar yawa, ganyenta ya yi ja ya lalace. Can matsalar yawa ce. A ƙasa irin tamu, wadda tun asali ajiyarta kaɗan ce, abin da kwanciyar ruwa ke yi shi ne ƙara yashe rumbun.

Yanzu mu ɗauki wannan ilimi mu koma gida.

Kafin madatsa, rayuwar wannan yanki a kan ambaliyar Gulbin Sakkwato take. Kowace damina ruwa ya cika ya malala cikin fadama, ya ja baya ya bar sabuwar laka da ruɓaɓɓen ganye da ya kwaso daga sama. Manomi ya shuka shinkafa da dawa, da rani ya yi lambu a sauran danshi. Masunta su kama kifi a tafkunan da ambaliya ta bari. Bayan girbi Fulani su sauko da shanu su ci kara da harawa, su bar taki a gona. A tudu ga gawo, mai zubar da ganye da damina, dabbobi su taru a inuwarsa da rani. Babu wanda ya san sunan aidin a cikinsu, amma duk abin da suke yi na ciyar da rumbun da ke riƙe shi ne.

A tsakiyar shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya cika aljihun gwamnatin soja, aka fara gina madatsar Bakalori. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi aikin, a ƙarƙashin hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima. An kammala madatsar a 1978. Tsawonta ya kai kilomita biyar da rabi, tafkinta na ɗaukar ruwa kimanin mita mai kusurwa miliyan 450, ya kuma shafe fili wajen hekta 8,000. An tsara za a shayar da hekta 23,000 a yankin da yau ya ratsa ƙananan hukumomin Talata Mafara da Bakura da Maradun.

Rukuni uku na mutane abin ya shafa, kuma kowanne akwai labarin ƙasa a cikin nasa.

Na farko su ne dubban mutanen yankin Maradun da tafkin ya cinye gidajensu da fadamunsu. An tashe su aka mayar da su tudu. Wanda ya saba noma baƙar laka ya wayi gari a kan ƙasar da ba ta kama ƙafar ta da ba.

Na biyu su ne masu gonaki a cikin filin ban-ruwan. Kafin ruwa ya bi kwalbati ya shiga gona daidai, sai an daidaita fili. Katafila ta shiga ta tumɓuke itatuwa, ta kankare inda ya yi tudu ta cike inda ya yi kwari. Manoma suka yi damina bayan damina ba su shiga gonakinsu ba, batun diyya kuma ya zama jeka-ka-dawo. Ku tuna ruɓin ƙasa a sama-sama yake zama, cikin taƙi ɗaya ko makamancin haka. Abin da shekaru masu yawa suka tara, katafila na iya kwashe shi a wuni guda.

Na uku su ne mutanen da ke ƙasa da madatsar, har zuwa kusa da Sakkwato. Ambaliyar da suke dogaro da ita ta ragu. Wani masanin Ingila, William Adams, ya bi ƙauyukan nan ya rubuta yadda noman shinkafa da na rani suka ja baya, mutane suka koma gero da dawa, kamun kifi ya faɗi, wasu masunta suka bar gida. Lakar da ruwa ke kawo wa fadama kuwa, madatsa irin wannan tana tare mafi yawanta a gindin tafki.

Manoman ba su yi shiru ba. Sun tare hanyoyi, sun tsayar da aiki, suna neman haƙƙinsu. A ƙarshen watan Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa na tsohuwar jihar Sakkwato, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka afka wa Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Gwamnati ta ce mutum ashirin da wani abu suka mutu. Wasu masu bincike sun kai adadin sama da 380. Allah Ya jiƙansu da rahama. Masanin nan Björn Beckman, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi dogon rubutu a kan wannan rikici, kuma ya kamata duk matashin Zamfara ya neme shi.

Kada wani ya ce na ce madatsa ce ta kawo maƙoƙo. Maƙoƙo ya girmi madatsa nesa ba kusa ba, kuma Bakalori ta ciyar da gidaje da yawa da noman rani. Maganata ita ce, an lissafa buhunan alkama da shinkafa da za a samu, an lissafa kuɗin kwangila, amma baƙin da ke cikin ƙasa ba ya cikin abin da ake biyan diyyarsa. Shi kuma yana riƙe ruwa, yana riƙe abincin shuka, yana riƙe aidin. Mu 'yan Zamfara mun fi kowa sanin cewa abin da ke cikin ƙasa yana ƙarewa ne a jikin yaro. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Wancan abu ne da ya yi yawa a ƙasa, kuma ya yi kisa a fili duniya ta gani. Ƙarancin aidin shi ɓarnarsa a ɓoye take. Uwa mai ƙarancinsa na iya yin ɓari, ko ta haifi yaro da tawayar ji ko magana ko fahimta. Wani nazari da ya tattara bincike da yawa a 1994 ya nuna bambancin maki kusan 13 a gwajin basira tsakanin al'ummomin da ke fama da ƙarancin aidin da waɗanda ba sa yi. Yaro ya kasa gane karatu, a yi ta dukansa ana ce masa daƙiƙi, alhali tun yana ciki aka tauye shi.

Akwai kuma abincin da ke ƙara wa matsalar nauyi in aidin ya riga ya yi ƙasa. Rogon da ba a jiƙa aka sarrafa shi da kyau ba yana da sinadarin da ke hana tairod kama aidin. A yammacin Sudan an danganta yawan maƙoƙo da dogaro ga gero kusan shi kaɗai. Ba cewa aka yi a bar fura ba, jama'a. In aidin ya wadata a jiki, gero abinci ne mai kyau.

To ina mafita ta fito? Daga gishiri. Kakanninmu sun ci gishirin da ayarin Buzaye ke kawowa daga Bilma da Fachi, da mangul na ƙasar Manga, da na kwarin Fogha. Gishiri ne mai tarihi, ya gina kasuwanni ya kuma arzuta fatake, amma ba a ƙara masa aidin ba. Ko gishirin teku ma, abin mamaki, aidin ɗin da ke cikinsa kaɗan ne ƙwarai. Dole sai an sa da gangan.

Bayan taron shugabannin duniya a kan yara da aka yi a 1990, Najeriya ta wajabta sa aidin a gishirin ci a 1993. A lokacin, binciken ƙasa ya nuna kusan mutum ɗaya cikin biyar na waɗanda aka duba yana da kumburin tairod, kuma tsohuwar jihar Sakkwato, wadda Zamfara ke cikinta har zuwa 1996, tana cikin inda abin ya fi kamari. Aikin ya zo da sauƙi saboda kamfanoni ƙalilan ne ke shigo da gishiri da sarrafa shi, don haka in an tsare su an tsare kusan duk ƙasar. Hukumar kula da ingancin kayayyaki da NAFDAC suka sa ido, UNICEF ta tallafa. A 2005, zamanin marigayiya Dora Akunyili a NAFDAC, Najeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da aka tabbatar ta cika sharuɗɗan wadata jama'a da gishiri mai aidin. Mu da muke yawan kukan babu abin da ke aiki a ƙasar nan, wannan ɗaya ne da ya yi aiki. Ku tambayi iyayenku yawan masu maƙoƙon da suke gani a kasuwa suna yara, ku gwada da yau.

Sai dai nasarar a kan ƙafa ɗaya take tsaye. Ƙasarmu ba ta ƙara aidin ba, gishiri ne ya rufa mata asiri. Ruɓin ƙasar ma raguwa yake yi. Kara ya zama makamashi da danni da abin sayarwa, ana kwashe shi tas daga gona. Wani ya cinna wa ragowar wuta, abin da zai ruɓe ya tashi a hayaƙi. Takin zamani na ciyar da shuka amma ba ya mayar da baƙin ƙasa. Rashin tsaro kuma ya raba manomi da makiyayi, shanun da ke kwana a gona su bar taki sun yi ƙaranci, gonaki da yawa ma ba a iya zuwa. Ƙauyen da hanyarsa ta kasuwa ta toshe, ko iyalin da ke gudun hijira, wane gishiri suke samu? Wanda ya sawwaƙa. Wani lokaci na buhu ne da aka buɗe a rana da ƙura ana aunawa da gwangwani, wanda zafi da danshi ke rage masa aidin. Wani lokaci ma na dabbobi ne.

Wasu sun gwada mayar da aidin cikin ƙasar kanta. A farkon shekarun 1990, a yankin Hotan na lardin Shinjan a ƙasar Sin, wani likitan Amurka, Robert DeLong, da abokan aikinsa 'yan Sin sun ga mutanen wurin gishirin dutse suke ci, ba sa sayen na kamfani. Sai suka ɗora duro a bakin magudanar ban-ruwa, ruwan aidin yana ɗiga a hankali cikin ruwan da ke shiga gonaki. Ƙasar ta kama shi. Aidin ya ƙaru a amfanin gona da jikin dabbobi da na mutane, tumaki suka ƙara yawa, mutuwar jarirai ta ragu, kuma tasirin ya wuce shekara guda. Wannan aikin ƙwararru ne da awo, ba abin da mutum zai yi da kansa ba, domin aidin in ya yi yawa shi ma cuta ne. Na kawo shi ne don mu ga cewa magudanar ruwa irin ta Bakalori tana da alaƙa da lafiyar jama'a fiye da yadda muke zato.

A 2014 Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING na gyaran manyan ayyukan ban-ruwa a Arewa, kuma Bakalori na ciki. Gyaran kwalbati abu ne mai kyau. Abin da ya rage mana mu matasa shi ne mu riƙa tambayar abin da ba a tambaya ba a shekarun 1970: me ake yi don mayar wa ƙasar ƙarfinta? Muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a nan Talata Mafara, ga Jami'ar Tarayya a Gusau, ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ɗalibin kimiyyar ƙasa ko na sinadarai da ke neman abin da zai rubuta a shekarar ƙarshe, ga aiki a ƙofar gidansu: ya ɗebi ƙasar fadama da ta tudu da ta cikin filin ban-ruwa, ya auna ruɓi ya auna aidin, ya gwada. Ya bi kasuwar Talata da ɗan ruwan gwajin nan da ke sauya launin gishiri mai aidin zuwa shuɗi, ya ga buhu nawa ne za su ci jarrabawa.

A gida kuwa abin ba shi da wuya. A sayi gishirin leda mai alamar aidin. A zuba shi a mazubi mai murfi, nesa da murhu da rana. A sa shi a miya dab da saukewa. Ba ƙara yawan gishiri ake nufi ba, domin ƙa'idar lafiya ita ce ƙasa da giram biyar a rana ga babba, ingancinsa ake magana. Mai ciki ta je awo. Wanda wuyansa ya kumbura ya ga likita, don ba kowane maƙoƙo ne na rashin aidin ba, kuma kada kowa ya sha aidin ɗin shafa wa ciwo, guba ne. Mai gona kuma ya bar wa ƙasa wani abu daga abin da ta ba shi: kara, ɓuntu, takin gida, gawo a tsaye.

Ku tura wa mai jego ko mai ciki da kuka sani, ku kuma leƙa kicin yau ku duba wane gishiri ake sa muku a miya. 'Yan Maradun da Bakura da Mafara, duk wanda ke da dattijon da ya ga tashin garuruwa ko abin da ya faru a 1980, ya zauna da shi ya naɗi muryarsa tun yana raye.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya dawo mana da tsaro a Zamfara. Wassalamu alaikum.